Yaran China da waya: wa ke zama ya yi hira da su?

Duk sanda aka taso da maganar yara da waya sai ka ji wani ya ce ai China ta gama da matsalar, ta kafa doka. Eh ta kafa kam. Tun watan Agustan 2021 yaron da bai kai shekara 18 ba awa ɗaya aka yarje masa ya buga gem a intanet, daga 8 zuwa 9 na dare, shi ma sai Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Kamfanin Tencent mai yin gem har fuska yake dubawa da daddare don ya kama yaron da ya shiga da sunan babba, Douyin kuma, wato TikTok ɗinsu na gida, minti 40 ya ware wa 'yan ƙasa da shekara 14 a rana. To amma yara sai suka koma shiga da katin shaidar kakanninsu, wasu ma hayar akawun suke yi.

Ni abun da ke damuna ba wayar ba ce wallahi, gidan da yaron yake ciki nake kallo. Miliyoyin yara a ƙauyukan China iyayensu sun tafi ci-rani masana'antun Shenzhen da sauran biranen lardin Guangdong, tsarin rajistar zama da suke kira hukou ya sa da wuya ɗan ƙauye ya samu gurbi a makarantar gwamnati ta birni, sai a bar shi wajen kaka, wasu sai bikin sabuwar shekararsu suke ganin uwa da uba, sau ɗaya kenan a shekara, kuma wayar da aka saya masa don a riƙa jin muryarsa ita ce dai yake kwana a kai. Kaka ta tsufa, ba ta ma san me ake yi a ciki ba. Wa zai faɗa wa an zalunce shi a makaranta?

Na birni ma da iyayen ke kusa ba su tsira ba. Da yawansu su kaɗai ne a gidansu, ba wa ba ƙani, ga jarrabawar gaokao ta shiga jami'a da sama da mutum miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024. Hirar gida sai ta koma ka yi aikin makaranta? maki nawa ka ci? Yaron da kullum wannan yake ji dole ya nemi inda za a yi dariya da shi, ko da baƙi ne a cikin gem.

Inda abun ya fi min ciwo shi ne sansanonin da iyaye ke biyan kuɗi masu yawa su kai 'ya'yansu wai a cire musu jarabar intanet. A Linyi da ke lardin Shandong wani likita, Yang Yongxin, jona wa yara lantarki yake yi har sai da ma'aikatar lafiya ta hana a 2009, a shekarar ne kuma wani yaro ɗan 15 ya mutu bayan duka a wani sansani a Guangxi. Subhanallah. Uban da ya kasa zama da ɗansa ya tambaye shi me ke damunsa, ya iya sa hannu a takarda ya miƙa shi ga masu duka.

Ita kanta gwamnatin da alama ta gane, don a farkon 2022 wata doka ta fara aiki da ta ɗora wa iyaye nauyin tarbiyya a gida, har kotu kan iya tura uba ko uwa su je a koya musu. Sai dai uwar da ke tsaye a masana'anta tun safe har dare, ɗanta yana can wani lardin, yaushe za ta samu wannan zaman?