Yuro 5 a ƙofar Notre-Dame, da gidan zuhudun bakin kogin Loire

Har yau abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. A Oktoban 2024 ministar al'adun Faransa, Rachida Dati, ta kawo shawarar kowane ɗan yawon buɗe ido ya biya yuro 5 kafin ya shiga majami'ar Notre-Dame ta Paris, a riƙa tara kimanin yuro miliyan 75 a shekara don gyaran tsofaffin wuraren ibada. Shugabannin cocin Paris suka kafe cewa ɗakin Allah ba a yanka masa tikiti. Maganar da daɗin ji, amma daga bakin wa ta fito? Daga waɗanda aka tara sama da yuro miliyan 840 don gyara majami'arsu bayan gobarar da ta ci ta a 2019. Wanda ya ƙoshi bai san da mai yunwa ba.

Su je La Charité-sur-Loire su gani. Gari ne na mutum dubu biyar ko ƙasa da haka, amma yana ɗauke da gidan zuhudun da Kiristocin ɗariƙar Cluny suka kafa a 1059, wanda Paparoma Pascal na biyu ya tsarkake cocinsa a 1107. Gobarar 1559 ta cinye rabin zauren cocin. Mutanen gari suka shiga kangon suka gina gidajensu, har yanzu za ka ga bakan dutse na zamanin da a saman tagar wani bawan Allah. A 1840 saura ƙiris a ratsa wurin da babbar hanya, sai Prosper Mérimée, sufeton gine-ginen tarihi, ya hana. A 1998 UNESCO ta sa cocin cikin kayan tarihin duniya.

To wa ke ɗaukar nauyin irin wannan? A tsarin Faransa, yawancin tsofaffin coci-coci mallakar ƙananan hukumomi ne, manyan majami'u kuwa na gwamnatin tarayya. Tallafi yana zuwa, amma magajin gari ne ke kwana da tunanin rufin da ke yoyo.

Masu cewa dokar 1905, wadda ta raba coci da gwamnati a Faransa, ta hana karɓar kuɗin shiga sun manta majalisa ce ta rubuta ta. A gyara ta. Mai zuwa addu'a ya shiga kyauta, mai zuwa ɗaukar hoto ya biya, kuɗin kuma su gangara garuruwa irin La Charité.