"Haka Allah Ya Halicce Ni" Ba Hujja Ba Ce

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama a gare ku.

Kwanakin nan matasanmu suna ta yin gwajin hali a waya. Ka amsa tambayoyi, a ba ka haruffa huɗu, a ce kai kaza ne cikin iri 16. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers ne suka tsara wannan a Amurka a shekarun 1940. Tun kafin su, likitocin Girkawa na dā irin su Galen sun kasa mutane gida huɗu: mai fara'a, mai zafin zuciya, mai zurfin tunani, da mai sanyin hali. Ban ga laifin abin ba, domin ni kaina na amfana.

Na yi shekaru ina ɗaukar shirun matata fushi ne. In mun dawo daga sujada, ni bakina cike da labari, ita kuwa ɗaki take nema ta ɗan kishingiɗa. Na yi ta zarginta a zuci, wai ba ta damu da ni ba. Ashe taron jama'ar da yake ƙara mini kuzari, ita gajiyar da ita yake yi. Ran da na gane haka, sai da na roƙe ta gafara.

Ku buɗe Yohanna sura 11. Li'azaru, ɗan'uwan Marta da Maryamu, ya kwana huɗu a kabari. Marta tana jin Yesu na zuwa ta fita taryensa, Maryamu kuwa ta zauna a gida. Ciki ɗaya suka fito, rashi ɗaya aka yi musu, kuma magana ɗaya suka faɗa masa: Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Ku duba aya ta 21 da ta 32, za ku gani. Amma Yesu bai ba su amsa iri ɗaya ba. Marta mai son a yi magana a fahimci juna, ya tsaya ya yi mata bayani, ya ce shi ne tashin matattu, shi ne kuma rai. Maryamu da ta faɗi a gaban ƙafafunsa tana kuka, bai yi mata wa'azi ba. Hawaye ya zubar. Sau nawa mu kan kai wa mai kuka dogon bayani, mu bar mai tambaya da "yi haƙuri" kawai?

Ga inda nake jin tsoro. Wani zai zazzage wa matarsa masifa a gaban yara, in an yi masa magana ya ce, "Ai ni mai zafi ne, haka Allah ya halicce ni." Wata ta yi wata uku tana gaba da 'yar'uwarta a zumuntar mata, ta ce ita dama ba mai yawan magana ba ce. Mukan ce hali zanen dutse, amma wanda ya halicci dutsen ya yi alkawari a Ezekiyel 36:26 zai cire zuciyar dutse ya ba mu ta nama. Galatiyawa 5:22-23 kuma ba ta raba albarkar Ruhu bisa ga irin hali ba. Tawali'u da kamunkai suna kan mai zafi, ƙauna mai buɗe baki ta ce "na yafe" tana kan mai shiru.

Kada kuma ka ɗauki sakamakon gwajin nan ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci da shi. Bulus ya ƙi tafiya da Markus saboda ya taɓa barinsu a Bamfiliya, har gardama a kan haka ta raba Bulus da abokin tafiyarsa Barnaba. Shi Bulus ɗin ne daga baya ya rubuta wa Timoti ya ce ya zo masa da Markus, gama yana da amfani a gare shi wajen hidima.

Daren yau, kafin addu'ar iyali, ka tambayi wadda kuke zaune tare: wane hali nawa ne yake yi miki nauyi? In ta fara magana, kada ka katse ta.