Abin da ke fitar da ni tattaki bayan Asuba

Jama'a, kwanan nan ina ganin ana ta ɗora hoton yawan takun da waya ta ƙirga, wannan dubu takwas, wancan dubu goma sha biyu. Abin yana faranta mini rai, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani a kaina.

Ni tsoro ne ya kai ni. Ranar da likita ya ɗaura mini abin awon jini, ya kalli lambar, ya sake gwadawa, sannan ya ce, "Malam, wane aiki kake yi?" Na ce zaman ofis. Daga gida sai mota, daga mota sai kujera, masallacin ma a bakin ƙofa yake. Ya ce hawan jini ne ke sallama, in rage gishiri, in fara tafiya. A daren na buɗe manhajar Samsung Health mai ƙirga taku, wadda ta daɗe a wayata ban taɓa leƙa ta ba. Takun yinin gaba ɗaya bai kai dubu biyu ba. Jikina ya yi sanyi.

Yawancin waɗanda na sani ta wannan ƙofar suka shigo. Wani ciwon suga, wani tumbi ya hana shi sakewa a ruku'u, wani abokinsa ne shanyewar ɓarin jiki ta kwantar yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Kuma muna da yawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan mutane a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, alhali minti 150 a mako ne mafi ƙarancin abin da ta nema.

Manhajar tana da amfani, ba zan raina ta ba. Tana nuna maka abin da kake ɓoye wa kanka, kuma lamba tana da ja. Na sha zagaya tsakar gida ƙarfe goma sha ɗaya na dare don in cike taku ɗari shida da suka rage. Sai dai wannan taku dubu goma a yini da muke bi ba daga asibiti ya fito ba. Wani kamfani ne a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma, sunan ya bi duniya. Binciken da aka yi a jami'ar Harvard a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna masu taku 4,400 a yini sun fi masu 2,700 tsira daga mutuwa da wuri, kuma ribar tana tsayawa ne wajen 7,500. Don haka wanda ya yi dubu biyar kada ya karaya.

Matsalar ita ce ɗoki ba ya daɗewa. Lokacin da Pokémon Go, wasan waya da ake yawo a ƙafa ana buga shi, ya fito a 2016, masu bincike a Amurka sun ga 'yan wasan sun ƙara taku kusan dubu a yini a makon farko, zuwa mako na shida ƙarin ya ɓace. Ni ma haka ta faru da ni. Sanyin hunturu ya shigo, waya ta riƙa turo tunatarwa, ina share ta da yatsa in ja bargo. Waya ba ta da idon da za ka ji kunyarsa.

Wanda ya dawo da ni maƙwabcina ne, tsohon malamin firamare, ya haura sittin, wayarsa ƙarama ce mai madannai. Muna fitowa daga Asuba ya riƙe hannuna, ya ce, "Ɗana, kwana uku ban gan ka a titi ba, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, sanyi ne." Ya ce, "To ɗauko hularka, ina nan." Ya tsaya a ƙofar gidana da carbi a hannu. Tun ranar muke bin titin BUK tare, yanzu mu biyar ne, kuma duk wanda bai fito ba sai an buga masa waya. Wannan cigiyar ce ke riƙe ni. Manhajar ta koma magatakarda, mu gama ta rubuta.

Abin da ke damuna shi ne mata. Maiɗakina tana shara, tana wanki da goyo a baya, wayar na can a caji, da dare ta nuna mata taku ɗari bakwai kamar ba ta yi komai ba. Kuma fita titi da sassafe ba kowace mace ce za ta samu ba. Mu magidanta ya kamata mu raka su, ko mu ba su lokaci su haɗu da ƙawaye a filin makaranta mai katanga.

Masu ɗora taswirar hanyar da suka bi kuma, don Allah ku kula. A 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka, balle ƙofar gidanka da lokacin fitarka. Ku saka lambar, ku rufe taswirar.

Gobe in Allah ya kai mu Baba ya ce zai zo da ƙaninsa, wanda aka gano yana da suga makon jiya. An ce mu tafi a hankali, minti ashirin kawai za mu fara da shi.