A daina auna Shevchenko da wasa tara na Genoa

Ran Asabar da ta wuce a gidan kallon ƙwallon unguwarmu, ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci, wani matashi sanye da rigar Chelsea ya miƙe yana lissafa manyan 'yan wasan da suka gaza a aikin koci. Ya ambaci Lampard, ya ambaci Henry, sai ya jefa sunan Andriy Shevchenko, aka kuwa gyaɗa kai kamar ya faɗi abin da babu ja a cikinsa. Abin ya tsaya mini a rai, domin na sha jin wannan hukunci a bakin masu sharhi, kuma ko yaushe hujjarsu ɗaya ce, Genoa.

To bari mu duba Genoa ɗin. A Nuwamban 2021 aka ɗauke shi, bayan sababbin masu kulob daga Amurka sun sallami koci Ballardini, ƙungiyar tana can ƙasan teburi. Cikin wasa tara da ya jagoranta a gasar Serie A ya haɗu da Roma, Milan, Juventus, Lazio da Atalanta. Bai ci ko ɗaya ba, gaskiya ne, canjaras uku, rashin nasara shida. A Janairun 2022 aka kore shi. Da ya tafi ƙungiyar ta warke? Ina! A ƙarshen kakar nan ta faɗa Serie B. Ciwon ya riga shi zuwa, kuma ya tafi ya bar shi. An ɗauko babban suna ne don a kwantar wa magoya baya hankali, da abin ya ƙi ci aka ɗora masa laifi.

Wata biyu ke nan. Shekara biyar da ya yi yana riƙe da tawagar ƙasarsa Yukren fa, me ya sa ba a kawo ta a lissafi?

A 2016 Yukren ta je gasar Turai ta sha kashi a wasa uku, ko ƙwallo ɗaya ba ta jefa a raga ba. Wannan tawagar aka miƙa masa, a ƙasar da yaƙi ya riga ya raba Shakhtar da filinta na Donetsk tun 2014. Bai kai su kofin duniya na 2018 ba, amma bai sauya hanya don tsoron surutu ba. Ya zo da Mauro Tassotti daga Milan a matsayin mataimakinsa, ya koya wa yaran riƙe ƙwallo a ƙasa maimakon a ɗaɗa ta gaba a bi da gudu, ya ba irin su Zinchenko da Malinovskyi ragamar tsakiya. A neman gurbin gasar Turai ta 2020 ba a doke su ko sau ɗaya ba. Sun zuba wa Sabiya biyar ba ko ɗaya a Lviv, sun ci Fotugal ta Ronaldo 2-1 a Kyiv, suka gama a saman rukuni. A 2020 suka ci Sifaniya 1-0. Wanda ya kalli wasansu da Suwidin a Glasgow ba zai manta da kan da Dovbyk ya sa a ƙarshen ƙarin lokaci ba, ƙwallon da ta kai Yukren zagayen kusa da na kusa da ƙarshe karo na farko a tarihinta a gasar Turai.

Masu cewa ai Ingila ta lallasa su 4-0 a Rum, sai su faɗa mana ƙasashe nawa masu ƙarfin Yukren suka kai wannan mataki.

Ni dai na san inda gizo ke saƙar. Yawancin masu wannan magana ba su yafe masa zamansa a Chelsea ba, inda aka saye shi kusan fam miliyan 30 a 2006 ya kasa taɓuka abin kirki. Da idon Landan suke kallonsa. Sun manta mutumin da ya ci Barcelona uku shi kaɗai a Camp Nou a 1997 yana Dynamo Kyiv ƙarƙashin koci Lobanovskyi, wanda ya buga fenaretin da ya ba Milan Kofin Zakarun Turai a 2003, ya ɗauki Ballon d'Or a 2004, ya ci wa Milan ƙwallo 175. Da aka riga aka ƙi mutum, ko ruwa ya shiga sai a ce ya ta da ƙura. Wannan son zuciya ne, bai kamata mai kiran kansa masanin ƙwallo ya riƙa yaɗa shi ba.

Kuskurensa ɗaya da na yarda da shi: bai kamata ya karɓi aikin Genoa a tsakiyar kaka ba, ba shi ya sayi 'yan wasan ba, bai kuma yi atisayen share fage da su ba. Kulob ɗin da zai ɗauki koci irinsa ya ba shi kaka guda cikakkiya, ko ya ƙyale shi.

Tun Janairun 2024 shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Yukren, a lokacin da tawagar ƙasar ke buga wasannin gida a ƙasashen waje saboda yaƙi. Mutanen da suka yi shekara biyar suna kallon aikinsa da idonsu su suka zaɓe shi.