Ɗa na uku ma ɗa ne: bashin da 'yan adawar Birtaniya suka ci da bakinsu

A ɗauki yara biyu a unguwa ɗaya a Ingila, kowannensu na uku a ɗakin uwarsa, iyayensu duk masu ƙaramin ƙarfi. An haifi ɗaya ranar 5 ga Afrilun 2017, ɗayan kuma washegari. Na farkon, gwamnati ta sa shi a lissafin tallafin da take ba talakawa, kamar yayyensa. Na biyun aka ce babu kasonsa. Bambancin kwana ɗaya ke nan, amma a 'yan shekarun nan ya kai kusan fam 3,500 duk shekara a aljihun gidan.

Wannan ita ce dokar da ta taƙaita tallafi ga 'ya'ya biyu, wadda ministan kuɗi George Osborne na jam'iyyar Conservative ya kawo a kasafin 2015. Hujjarsu ita ce mai karɓar tallafi ya yi lissafi kafin ya ƙara haihuwa, kamar yadda mai albashi ke yi. Sai dai akasarin gidajen da dokar ta taɓa akwai mai zuwa aiki a cikinsu, albashin ne ba ya kai wata. Wanda ya haifi 'ya'yansa yana da sana'a, daga baya ciwo ko mutuwar aure ta kayar da shi, shi wane lissafi zai yi? Akwai wani sashe da har yau nake jin nauyin faɗarsa: macen da aka yi wa fyaɗe ta haifi na uku za ta samu kason, amma sai ta cike takarda ta bayyana abin da ya same ta, wani ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a ya sa hannu. Zuwa 2024 yara kusan miliyan 1.6 ke zaune a gidajen da dokar ta shafa.

Jam'iyyar Labour tana adawa a lokacin, kuma a shekarun da suka biyo baya ta soki dokar da zafi. Angela Rayner, wadda daga baya ta zama mataimakiyar firaminista, ta kira ta rashin imani. Da wannan bakin suka riƙa caccakar gwamnati kan hukumar lafiya ta NHS, inda jerin masu jiran magani a Ingila ya haura miliyan 7.7 a watan Satumban 2023. Sukar tasu gaskiya ce, ta farkon da ta biyun.

Da mulki ya fara ƙamshi, sai harshe ya juya. A Yulin 2023 shugaban Labour Keir Starmer ya fito ya ce ba za su taɓa dokar ba, babu kuɗi. Suka ci zaɓe ranar 4 ga Yulin 2024. Ko mako uku ba a cika ba, jam'iyyar SNP ta Scotland ta gabatar wa majalisa buƙatar a soke dokar, aka kayar da ita da ƙuri'a 363 a kan 103. 'Yan Labour bakwai suka bi bayan buƙatar, cikinsu har da John McDonnell da Zarah Sultana, aka dakatar da su wata shida saboda sun zaɓi abin da jam'iyyarsu ta daɗe tana faɗa.

A kasafin Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta ƙara wa harkar lafiya fam biliyan 22.6 na ayyukan yau da kullum. Ban raina wannan ba, asibitocin suna buƙata. Abin da nake ja shi ne raba kuɗin asibiti da kuɗin ciyar da yaro kamar ba dangin juna ba. Duk uwar da ta taɓa kwana a kan kujerar ɗakin jinyar yara ta san inda ciwon ya faro. Yaron da ke kwana a ɗaki mai danshi, bango ya yi baƙi da fumfuna, uwarsa na kashe na'urar ɗumama ɗaki don kuɗin abinci ya isa, shi ne wanda za a kawo da tsakar dare numfashinsa na sarƙewa. Kuɗin da aka hana gidansu asibiti ne zai biya, har da riba. An toshe ƙofa ne aka bar taga a buɗe.

Matsin lamba bai tsaya ba. Jam'iyyun SNP da Liberal Democrats da Green, da ƙungiyoyin kare yara, har da tsohon firaminista Gordon Brown, suka ci gaba da tuna wa gwamnati maganarta. Ranar 26 ga Nuwamban 2025 Reeves ta sanar cewa za a soke dokar daga Afrilun 2026, gwamnati ta ce hakan zai fitar da yara 450,000 daga talauci. A ganina amfanin adawa a majalisa ke nan, ko da ba ta da rinjaye: tana tilasta wa kowa ya kaɗa ƙuri'a da sunansa, a rubuta, gobe a karanta masa.

Yanzu Conservative ce a kujerar adawa, kuma shugabarta Kemi Badenoch ta ce sokewar cutar masu biyan haraji ce, za su mayar da dokar in sun dawo. Tambayarta game da kuɗi halal ce, domin sokewar za ta ci kusan fam biliyan 3 a shekara, kuma daga harajin mutane zai fito. Amma in za ta tsaya a majalisa ta soki gwamnati kan cunkoson asibitoci, dole ta faɗi yadda za ta yi da yaran da za ta sake cirewa daga lissafi. Shi kuwa yaron da aka haifa ranar 6 ga Afrilun 2017, sai da ya cika shekara tara kafin sunansa ya shiga lissafi, kuma kuɗin shekarun da suka wuce ba wanda zai biya iyayensa.