Littafi ana iya rufe shi, ruwan da ya shiga cikin yaro fa?

Jama'a ku yi haƙuri, yau sai na faɗi abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wanda ke cikin guruf ɗinmu na WhatsApp ya ga abin da ya faru daren jiya. An turo sanarwar zaman hukumar makarantu kan maganar littattafan da za a cire, kafin a kira isha'i mutane sun yi caa, wannan ya ce zai ɗauki mutum huɗu a motarsa, wancan ya ce zai nemi a canza masa lokacin aiki, har da masu turo murya ta minti bakwai. Ban ce laifi ba ne. Amma da na turo maganar ruwan famfo, na ce ga abin da gwamnatin tarayya ke shirin yi da dokar iyakance sinadarai masu guba a ruwan sha, mu ma ya kamata mu je zaman 'yan majalisar gari mu tambaya, sai tsit. Mutum ɗaya ne ya amsa, dattijonmu ne da nake ganin girmansa ƙwarai, ya ce "ɗana bar wannan, mu tarbiyya ce a gabanmu." Baba, Allah ya ƙara girma, amma wallahi ban yarda ba, kuma jiya ban yi barcin kirki ba saboda wannan magana.

Littafi idan ba ka so ɗanka ya karanta, kana da hanya. Ka je ka ga malamar, ka rubuta takarda, ka nemi a ba shi wani aikin. A nan North Carolina tun watan Agusta na 2023 aka yi dokar haƙƙin iyaye, gwamnan lokacin Roy Cooper ya ƙi sa hannu 'yan majalisa suka tsallake shi, kuma ta ba ka damar ka ga abin da ake koya wa ɗanka ka kai ƙorafi. A watan Yuni na 2025 kotun ƙolin Amurka ta goyi bayan wasu iyaye a jihar Maryland, cikinsu har da Musulmi 'yan uwanmu, cewa suna iya cire yaransu daga darasin da ya saɓa wa addininsu. Kun ga ƙofa a buɗe take. To ku nuna min takardar da zan cike a cire ɗana daga ruwan famfo. Babu ita. Da shi ake dama kunu, da shi ake tuƙa tuwo, da shi ake haɗa wa jariri madara da tsakar dare, shi yaron yake sha a makarantar da kuke son zuwa ku yi faɗa a kan laburarenta.

Ku dubi Wilmington kawai, ba sai an je da nisa ba. A watan Satumba na 2023 hukumar makarantun New Hanover, gundumar da Wilmington take ciki, ta zauna sa'o'i kan littafi guda ɗaya tak, na tarihin wariyar launin fata, saboda uwa ɗaya ta yi ƙorafi. Aka kaɗa ƙuri'a huɗu da uku aka cire shi daga darasi. Ƙorafin mutum ɗaya, cikin watanni an gama magana. A wannan garin dai, mutane sun yi shekaru sama da talatin suna shan ruwan kogin Cape Fear da wani sinadarin masana'anta mai guba da ake kira GenX a ciki ba su sani ba. Masana'antar da ke kusa da Fayetteville, wadda da ta DuPont ce kafin ta koma Chemours a 2015, tun wajajen 1980 take sako shi cikin kogin. Sai da wani farfesa a jami'ar NC State, Detlef Knappe, da abokan aikinsa suka auna ruwan, jaridar StarNews ta buga labarin a watan Yuni na 2017, sannan mutanen gari suka san abin da suke ɗurawa 'ya'yansu. Shekara talatin da bakwai. Yaron da aka haifa a 1980 ya yi aure ya haihu, ɗansa ma ya sha.

Kuma wa ya biya kuɗin gyara? Hukumar ruwan Wilmington ta kashe dala miliyan 43 ta gina matatar gawayi a tashar Sweeney, ta fara aiki a 2022, aka ɗora kuɗin a kan bil ɗin ruwan talakawa, suna can suna ta shari'a da kamfanin ko za su samu a mayar musu. Wato a zuba maka guba, kai kuma ka biya kuɗin tacewa. Wannan bai isa ya tayar mana da hankali ba, sai shafi na kaza a littafi kaza?

Na san abin da za a ce, ai mu ba a Wilmington muke ba, muna can sama wajen Greensboro. To kogin ai ba daga sama ya faɗo ba. Kogin Haw da ke wucewa ta yankinmu shi ne ke gangarawa ya haɗu da Deep ya zama Cape Fear, mutanen Pittsboro daga Haw suke sha, kuma sun sha fama da abin da garuruwan da ke samansu ke sakowa. Sannan dangin sinadaran da GenX yake ciki, wanda ake kira PFAS, ba masana'anta ɗaya ke da shi ba. Yana cikin kumfar kashe gobara ta filayen jirgin sama da barikokin soja, yana cikin kaskon da abinci ba ya kamawa, yana cikin rigar ruwa da takardar da ake naɗe abincin saye. Turawa da kansu suna ce masa sinadari na har abada, don ƙasa ba ta cinye shi, rana ba ta kashe shi, in ya shiga jinin mutum wasu nau'o'in sai su yi shekaru ba su fita ba. Kowace hukumar ruwa dole ta fitar da rahoton ingancin ruwanta duk shekara, yana nan a intanet, wani lokaci ma ana turo shi da bil. Tsakani da Allah mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa buɗe shi? Amma jerin sunayen littattafai an turo shi sau uku cikin sati ɗaya.

Abin da ya sa na turo maganar tun farko shi ne, a watan Afrilu na 2024 hukumar kare muhalli ta EPA ta sa iyaka a ruwan sha a karon farko a duk faɗin ƙasar: PFOA da PFOS, nau'o'i biyu na PFAS, kada su wuce kashi 4 cikin tiriliyan, GenX da wasu biyu kada su wuce kashi 10. Ku ji ƙanƙantar adadin, cikin tiriliyan fa, ba miliyan ba, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka ƙarfin abin. Sai ga shi a watan Mayu na 2025 sabon shugaban hukumar, Lee Zeldin, ya fito ya ce iyakar PFOA da PFOS tana nan amma za a ɗaga wa'adin da aka ba hukumomin ruwa su bi ta daga 2029 zuwa 2031, ta GenX da sauran kuwa za a janye a sake dubawa. GenX ɗin da a jiharmu aka gano shi, a koginmu yake. A matakin jiha kuma kwamitin da ke sa dokokin muhalli ya yi ta jan ƙafa kan iyakar abin da masana'antu za su saki, bayan ƙungiyar 'yan kasuwa ta roƙi a dakata. Maganar littafi ba a dakatawa. Ta ruwa ce kullum ake cewa a ƙara bincike, a ƙara shekara biyu, a ji ta bakin masu kamfani.

Kuma ni na ga dalilin, ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Cire littafi daga kanta ba ya cin ko sisi, ɗan takara zai hau mumbari ya ɗaga littafi sama ya karanta layi biyu, ɗaki ya ɗauki kuwwa, gobe hotonsa na yawo. Tace ruwa kuwa miliyoyin daloli ne, kuma dole ka taka wani mai kuɗi da ke ba da gudummawar kamfen. Shi ya sa suke jan mu zuwa inda ba za su yi asara ba. Mu kuma da yake an taɓo mana wurin da ke mana ƙaiƙayi, addini da 'ya'ya, sai mu bi da gudu. Ni ma ina da 'ya'ya a makarantun nan, akwai littattafan da na gani na ce a'a, na je na yi magana da malamai cikin mutunci aka ba 'yata wani. Kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya ce na zama Bature ko ban damu da tarbiyya ba, wanda ya san gidana ya sani. Abin da nake cewa shi ne wannan na iya magance shi da ƙafata cikin yini ɗaya. Na ruwa ba zan iya ni kaɗai ba, sai an taru.

Masu cewa ai mu ruwan gora muke sha, to da ruwan gora kuke dafa shinkafa? Da shi Hajiya ke yin miya da shayi da zoɓon suna? Masu cewa a tafasa, ku ji da kyau don Allah, tafasawa tana kashe ƙwayar cuta ne, wannan ba ƙwayar cuta ba ce, ruwan ne ke tashi ya bar sinadarin a tukunya. Masu cewa ajali in ya zo ya zo, gaskiya ne, amma ku ne kuke ɗaura wa yara bel a mota kuna kulle ƙofa da dare. Masu cewa ba mu da ƙuri'a, a zaman majalisar gari ba a tambayar kowa fasfo kafin ya yi magana ta minti uku, kuma in rashin ƙuri'a bai hana ku zuwa na littattafai ba to bai kamata ya hana ku wannan ba.

Tun muna yara a makarantar allo aka koya mana ruwa mai tsarki shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canza ba. Da wannan idon muke duba ruwa har yau, in ya fito garau sai mu ce alhamdulillahi. To wannan abu ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Alwalarka ta yi, amma ƙodarka ba ta tsira ba. Binciken da aka yi wa mutane kusan dubu 69 a yankin Parkersburg na West Virginia, inda DuPont ta gurɓata ruwa da PFOA, ya nuna alaƙa da kansar ƙoda, kansar maraina, cutar maƙoƙo, ciwon hanji, hawan jinin masu ciki da yawan kitse a jini. A 2023 hukumar binciken kansa ta WHO, wato hukumar lafiya ta duniya, ta sa PFOA a jerin abubuwan da ke jawo kansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a yi bawali a ruwan da ba ya gudu don kada a cutar da mai zuwa sha. Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare. To ta yaya maganar ruwa ta zama ba ta addini ba, ta littafi ce kaɗai ta addini? Wa ya raba mana wannan rabon?

Kuma mu da muka fito daga yankin Maradi mu ne ya kamata mu fi kowa jin tsoro. Wa bai san abin da ya faru a Tibiri ba? Rijiyar burtsatse aka haƙa a shekarun 1980, ruwa fes, kowa na murna, ashe sinadarin fulorayid ɗin da ke ciki ya ninka iyakar da WHO ta sa ta miligiram 1.5 a lita. Shekara da shekaru ana sha, sai ga ɗaruruwan yara haƙora sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu har yau da sanda suke tafiya. Iyaka tana nan a rubuce a takarda, ba wanda ya tsaya ya ce a auna a bi ta. Iyayen yaran nan sun ba su tarbiyya iya ƙarfinsu, sun kai su makarantar allo, sun hana su yawon banza, ruwan bai tambaye su wannan ba. Idan na tuna su sai in ji ba zan iya yin shiru ba ko da guruf ɗin duka zai juya min baya.

Ni dai zan je zaman, ko ni kaɗai ne. Mai son zuwa ya yi min magana ta inbos, motata tana ɗaukar mutum shida. Wanda ke da hali ya sa matatar nan ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wadda ake ce wa RO, ita ce ta fi kama sinadarin, masu gidan haya kuma ko ta gawayi ce a sa, amma a riƙa canza ta a kan lokaci don in ta cika ba ta da amfani.

Af, na tuna. 'Yan uwa masu zuwa kamun kifi ranar Lahadi, musamman masu gangarawa wajen Fayetteville zuwa ƙasa, ku taho da tarwada cike da kula kuna rabawa gida-gida. Allah ya saka da alheri, niyya mai kyau ce, ni ma na ci farfesunta ba sau ɗaya ba. Amma tun watan Yuli na 2023 ma'aikatar lafiya ta jiha ta yi gargaɗi kan kifin wannan ɓangaren na Cape Fear saboda PFOS, wasu nau'o'in ta ce babban mutum kada ya wuce ci ɗaya a shekara, mai ciki da mai shayarwa da yara kuma kada su taɓa su sam. Mu kuwa mai jego muke fara kai wa. Don Allah wanda zai kawo wannan satin ya faɗi a wane ruwa ya kama kafin ya miƙa wa Hajiya.