Daga sitacin rogo zuwa kwalbar allura: hanyar ruwa zalla ce ta dace da mu

Duk yammacin Alhamis, wanda ya bi ta layukan Agege ko Idi-Araba zai tarar da masu wanki da guga suna dama sitaci a bokiti, suna tsoma shadda suna matsewa domin ta tsaya kyam ranar Juma'a. Kaɗan ne a cikinmu suka san cewa daga irin wannan sitacin ake samo wani farin gari da ke cikin wasu allurai masu tsada da ake yi wa marasa lafiya a manyan asibitoci. Masana suna kiran sa saikulodekistirin, ni kuwa zan kira shi zoben sitaci, domin siffarsa ke nan.

Wani Bafaranshe mai suna Antoine Villiers ne ya fara gano shi a 1891. Idan aka saka wa sitaci wani sinadari da ƙwayoyin bakteriya suke fitarwa, sai ya yanyanka shi, ya ɗaure ƙwayoyin gulukos shida ko bakwai ko takwas su zama zobe. Bayan zoben yana son ruwa, cikinsa kuwa yana son maiƙo. Saboda haka maganin da ba ya narkewa a ruwa sai ya shige ciki kamar yatsa a zobe, ya bi shi ya narke, jiki ya samu damar ɗaukarsa. A Japan aka fara sayar da magani mai ɗauke da shi a 1976.

Zoben mai ƙwaya bakwai shi ya fi araha, sai dai yana da aibu biyu. Abin da ke narkewa daga gare shi bai kai giram 2 ba a mililita 100 ta ruwa, kuma idan aka zuba shi a jijiya yana lalata ƙoda. Don haka ake yi masa gyara, a maƙala masa wasu 'yan rassa a gefe. Ɗaya daga cikin gyararrun, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Kansas ta Amurka, shi ne ya ba da damar yin allurar voriconazole ta cututtukan fangas masu tsanani, da remdesivir da aka yi ta nema lokacin korona a 2020.

Ga inda hankalina ya fi tsayawa. A kwalba guda ta allurar voriconazole akwai miligiram 200 na maganin kansa, amma gyararren zoben da ke ɗauke da shi miligiram 3,200 ne, wato ninki goma sha shida. Ma'ana, mafi yawan abin da ke bin robar ƙarin ruwa ya shiga jijiyar majinyaci mahaɗi ne, kuma duk wani datti da ke cikin mahaɗin tare za su shiga. A tsohuwar hanyar sarrafawa ana amfani da sinadaran narkarwa, dangin fetur da tina, kamar toluwin wajen ware zoben daga ruwan sitaci, da asiton ko barasa wajen wanke shi bayan gyara. Komai busarwar da aka yi, ɗan ɓurɓushi yakan maƙale, musamman da yake ramin zoben wurin da irin waɗannan sinadarai suke son ɓuya ne. Shi ya sa tun 1997 aka fitar da ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa kan iyakar abin da za a lamunta: benzin kashi 2 cikin miliyan, toluwin kashi 890 cikin miliyan.

Mu a Najeriya ba mu buƙatar a ba mu labarin illar mahaɗi. A 1990 yara 109 suka rasu a Ibadan da Jos bayan shan ruwan farasitamol, a 2008 kuma maganin haƙoran jarirai na My Pikin, wanda aka haɗa a nan Legas, ya yi sanadin mutuwar yara 84. A Gambiya ma an binne yara kusan 70 a 2022 saboda ruwan maganin tari. A duka ukun gubar daga ruwan narkarwar da aka haɗa maganin da shi ta fito. Gaskiya ne cewa wancan gurɓataccen mahaɗi ne, ba ɓurɓushin da ya rage bayan sarrafawa ba, amma ƙofar da ɓarnar ta shigo guda ce, wato ɓangaren maganin da ba wanda yake tambaya a kansa idan ya je kemis.

Hanyar da nake goyon baya ita ce a yi aikin gaba ɗaya cikin ruwa. Dama gyaran zoben yana yiwuwa a cikin ruwa mai soda. Abin da ya rage shi ne tsarkakewa, kuma a nan ne ake maye gurbin wanki da asiton da matata mai ƙananan ƙofofi, wadda gishiri da ƙananan datti suke ratsawa su fice, zoben kuma ya tsaya. Daga nan sai a bi da ruwan ta cikin gawayi na musamman da ke zuƙe ƙazanta, sannan a fesa shi cikin iska mai zafi ya faɗo gari. Wasu masu bincike ma suna gwada niƙa kayan a bushe cikin injin mai ƙwallayen ƙarfe, ba ruwa ba sinadarin narkarwa.

Ba na son a ɗauka cewa rashin sinadarin narkarwa shi kaɗai ne tsarki. Sinadaran da ake maƙala wa zoben rassa da su masu haɗari ne ƙwarai, dole a tabbatar ba su rage ba. Ruwa kuma gida ne ga ƙwayoyin cuta, waɗanda ko bayan sun mutu suna barin dafin da ke tayar da zazzaɓi idan ya shiga jini. Hanyar tana son tataccen ruwa mai yawa da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma kowa ya san yadda masana'antun Ikeja da Agbara suke fama da kuɗin dizal.

Duk da haka ita ce ta fi dacewa da halinmu. Yawancin sinadaran narkarwa sai an shigo da su ta tashar Apapa da dala, suna kama wuta cikin sauƙi, kuma sharar da suke bari tana iya ƙarewa a magudanun da ke zuba a tafkin Legas. Rogo kuwa babu ƙasar da ta kai mu nomansa a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara, yawanci yana ƙarewa a garin kwaki da fufu. Cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi ta shafe shekaru tana aiki a kan rogo, hukumar NAFDAC kuma ta samu mataki na uku na ƙwarewa wajen sa ido kan magunguna daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022.

Wani zai ce kasuwarmu ƙarama ce, kuma zoben da ake yi a ƙasar Sin zai fi araha. Da gaskiyarsa, idan ana maganar na allura ne tun farko. Amma da rarrafe yaro kan tashi. A fara da sitacin da ya kai matsayin shiga ƙwayar magani, wanda har yanzu ake shigowa da shi daga waje, sai zoben da ba a gyara ba, wanda masu abinci da kayan shafa suke saye, na allura ya zo daga ƙarshe. Umarnin shugaban ƙasa na 2024 ya ɗauke haraji daga kayan haɗa magani da injuna. Ya kamata matatun da injunan busarwa da na'urorin awon tsarki su shiga cikin wannan rangwame, a kuma gina ƙaramar masana'antar gwaji a Oshodi da za ta fara da ruwa zalla tun daga tubalin farko.